Wai da gaske an taɓa yin kunamar da ta fi mutum tsawo?

Ɗan'uwa ka tambaya cewa ka ga wani hoto da aka zana mutum a tsaye kusa da wata ƙatuwar kunama da ta fi shi tsawo, aka rubuta wai a ruwa ta rayu tun kafin zamanin dainaso, kana son ka san ko gaskiya ne ko kuwa irin hotunan nan ne da ake haɗawa a kwamfuta, kuma in gaskiya ne a teku take ko a kogi, tana harbi ko bata yi.

To gaskiya ne, an yi ta. Amma ba kunama bace, kuma wannan babbar da ka gani a hoto ba a tsakiyar teku ta zauna ba, duk da cewa sunan da Turawa suka laƙaba wa danginta ma'anarsa kunamar teku. Sunan nan ya daɗe yana ɓatar da mutane, duk sanda na zo koyar da wannan babin sai na fara da warware shi kafin mu shiga komai.

Sunan dangin a ilimance Eurypterida. Ni kunamar ruwa zan riƙa ce musu a nan don sauƙi. Suna cikin babban gidan halittun nan marasa ƙashin baya masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa, wato gidansu ɗaya da ƙwari da ƙaguwa da gizo-gizo, kuma a cikin gidan ma ɗakinsu ɗaya da gizo-gizo da kunama ta gaske, kaga kenan 'yan uwa ne na jini amma ba su bane suka haifi kunamar da muka sani. Abinda yasa aka ga kama shi ne sifar jikin, gaba da faɗi baya ya tafi yana tsukewa gaɓa goma sha biyu har zuwa jela, wasu jelar tasu tsini ce kamar mashi. Amma ƙari mai dafi irin na kunama, babu wani burbushi, wato ragowar jikinsu da ya zama dutse, da ya tabbatar suna da shi. Ita babbar ma jelarta faffaɗa ce a baje, kuma masu binciken da suka gwada sifarta a ruwa sun fi karkata ga cewa da ita take juya akala in tana iyo, irin aikin da katakon bayan jirgin ruwa ke yi.

An san nau'i wajen 250 nasu. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka samu shi ne Pentecopterus, a jihar Iowa ta Amurka aka haƙo shi aka bayyana a 2015, shekarunsa wajen miliyan 467, na ƙarshensu kuma sun ɓace shekara miliyan 252 da suka wuce. In ka lissafa sun haura shekara miliyan 200 a duniya. Kuma kada hoton nan ya sa ka ɗauka duk ƙatti ne, yawancinsu ƙanana ne, akwai wanda bai wuce santimita 2 ba. Na farko da na taɓa riƙewa a hannuna bai cika tafin hannuna ba, a kan wani falalen dutse mai ruwan toka yake, shi kuma launin ƙasa-ƙasa mai duhu, siriri kamar an manna busasshen ganye, sai da na kanga madubin ƙara girma sannan na ga 'yan ƙananan zane kamar ɓawon kifi a jere a kan kowace gaɓa da idanu biyu masu sifar wake a kan kai. Wallahi na daɗe ina kallonsa, abu ne da ya yi motsi a ruwa a lokacin da ko itace ɗaya babu a doron ƙasa.

Wadda ka gani a hoto kusan tabbas Jaekelopterus rhenaniae ce. Wani masani Bajamushe Otto Jaekel ne ya fara bayyana ta a 1914, daga baya a 1964 aka raɗa wa jinsin sunansa. Amma abinda ya fito da ita duniya ta sani a 2007 ya faru, lokacin da Markus Poschmann da Simon Braddy da Erik Tetlie suka wallafa bayanin wani hannu guda ɗaya da Poschmann ya tono a wani wurin fasa dutse a Willwerath kusa da garin Prüm a yammacin Jamus. Na ce hannu amma ka ƙaddara awartaki ne mai haƙora a jere, manya da ƙanana. Abinda ya rage a dutsen ya ɗan haura santimita 36, da aka cike gurbin da ya karye sai ya kama wajen santimita 46, awartakin kaɗai fa, kusan tsawon hannunka daga gwiwa zuwa yatsa.

A nan akwai abinda nake son ka riƙe domin masu yaɗa hoton basa faɗa. Ba a taɓa tono cikakkiyar mai mita 2.5 a kwance ba. Lissafi aka yi. An ɗauki 'yan uwanta na kusa waɗanda aka samu jikinsu cikakke, aka auna yadda girman awartaki yake tafiya da tsawon jiki, sannan aka ɗora wannan ma'aunin a kan na Willwerath, sai ya bada tsakanin mita 2.3 da 2.6, in ta miƙa hannayen gaba kuma a ƙara wajen mita ɗaya. Ni a ganina lissafin mai kyau ne domin dangin nan sifar jikinsu bata cika bambanta ba, amma dai lissafi ne, kuma ya kamata duk mai faɗin adadin ya faɗi ta inda aka samo shi. Da wannan adadin ne take cikin mafi girman halittu masu ɓawo da aka taɓa sani, abokin gasarta sai Arthropleura, wani ƙaton ƙadandoniya na kan tudu da shi ma aka ƙiyasta ya kai wajen mita 2.6.

Ta rayu ne a farkon zamanin Deboniyan, wajen shekara miliyan 400 baya. Mafarauciya ce, wannan kam ba a cika musu a kai ba, an duba idanunta da suka zama dutse aka ƙirga ƙananan tagogin da ke cikinsu, domin irin idon ƙwari ne mai tagogi dubbai, aka ga ganinta mai kaifi ne irin na masu bin abin farauta su cafke. Kifayen lokacin da yawansu ko muƙamuƙi basu da shi, sulken ƙashi kawai suke da shi a ka, su da ƙananan 'yan uwanta su ne abincin da ya fi kusa da ita.

Yanzu maganar ruwan da ta zauna, wadda ita ce ta fi min daɗi a tambayarka. Zaka ce ta yaya mutum zai kalli dutse ya ce wannan ruwan daɗi ne wancan ruwan gishiri ne bayan ruwan ya ƙafe tun shekara miliyan ɗari huɗu. Amsar ita ce ba dabbar kaɗai ake kallo ba, maƙwabtanta ake kallo da kuma shimfiɗar da ta kwanta a kai. Akwai halittun da basa iya rayuwa sai a cikakken ruwan gishiri, irinsu murjani da tirailobait, wasu masu ɓawo da suka daɗe da ɓacewa, da dangin tauraron teku, in ka fasa dutse ka gansu birjik to teku ce ba tambaya. In kuma ka fasa ka tarar babu su ko ɗaya, sai karyayyun rassan tsiron tudu da ƙwayoyin haihuwarsu, da laka mai laushi da ta kwanta shafi-shafi, wani wurin har da tsagewar tabo irin wadda rana ke yi in ruwa ya janye, to ka san kana bakin kogi ne ko tafki ko fadama. Duwatsun da aka samu Jaekelopterus a Jamus irin na biyun ne, yanki ne da koguna ke gangarowa su baje kafin su shiga teku, ruwan daɗi a nan ruwan zartsi a can. Ƙaramar 'yar uwarta Jaekelopterus howelli da aka samu a jihar Wyoming ta Amurka, wadda bata wuce santimita 80 ba, ita ma a irin wannan wurin aka same ta.

Asalinsu dai daga teku ne, wannan gaskiya ne, na farko-farkon can suka fara, kuma a zamanin Siluriyan, wanda ya zo kafin Deboniyan, sun cika gaɓar teku da lunguna masu ruwa mara zurfi. Eurypterus remipes na jihar New York shi ne shahararren wancan lokacin, wanda da aka fara ganinsa a 1818 Samuel Mitchill ya ɗauka tarwaɗa ce, sai a 1825 James DeKay ya gane ba kifi bane ya sa masa suna, yau ma shi ne burbushin da jihar ta ɗauka a matsayin tambarinta tun 1984. Amma tun daga Deboniyan sai tauraronsu ya fara dushewa a teku, daidai lokacin da kifaye masu muƙamuƙi suke ƙaruwa suna girma, sannan a ƙarshen Deboniyan aka yi wata gagarumar mutuwar halittu da ta fi yi wa mazauna teku ɓarna. Da ƙura ta lafa zuriya uku kacal suka rage a cikin kunamun ruwa, kuma ukun nan kusan duk a koguna da tafkuna da fadamu suka ƙarasa rayuwarsu, sama da shekara miliyan 100. Shi yasa nake cewa sunan kunamar teku bai yi musu adalci ba, kusan rabin tarihinsu a ruwan daɗi da na zartsi suka yi shi.

A cikin waɗanda suka tsira ɗin akwai wadda ni ta fi burge ni fiye da mai awartakin, sunanta Hibbertopterus. A Sikotlan aka fara samunta, Samuel Hibbert ya bayyana ta a 1836 daga duwatsun East Kirkton, wani tsohon tafki ne da ke kusa da duwatsu masu aman wuta. Wannan bata da sifar mafarauci ko kaɗan. Faffaɗa ce, kanta kamar an kife ƙaton kwano, akwai ƙoƙon kai da aka samu mai faɗin santimita 65, tsawonta an ƙiyasta ya kusa mita 2, kuma saboda faɗinta da kaurinta ana ganin ta yiwu ita ce ta fi kowa nauyi a dangin gaba ɗaya, har da Jaekelopterus wadda doguwa ce amma shafal. Duk wannan girman kuma ƙananan abubuwa take ci. Ƙafafunta na gaba suna da wasu faranti da ƙayoyi masu jin taɓi, a manyan ma har da wasu kamar matajin kai, da su take sharar laka kamar mai jan manjagara, duk ɗan abinda ya motsa a ciki, tsutsa ko ƙaramin jatan lande, sai ta tace ta tura baki. An samu wata irinta a Afirka ta Kudu ma, wato ba yanki ɗaya suka tsaya ba.

Af, tunda ka yi maganar kunama ta gaske, a East Kirkton ɗin nan dai an samu ita ma, Pulmonoscorpius, kunamar tudu ce sosai mai ƙari, an ƙiyasta manyanta sun kai santimita 70. To in kana neman kunama mai harbi ƙatuwa ga ta nan, amma bata kai mutum ba.

A 2005 wani masani Martin Whyte na jami'ar Sheffield ya bayyana wani abu da ya gani a jikin dutsen yashi a Sikotlan, ba ɓawo ba ba ƙafa ba, sawu. Tsawon sawun mita 6, faɗinsa wajen mita 1, shekarunsa wajen miliyan 330. Layi biyu ne na tambarin ƙafafu a gefe da gefe, ƙafa shida, sannan a tsakiya ga wani kwari guda ɗaya da ya tafi bai yanke ba. Kwarin nan jela ce ake ja. Kuma nan ne hujjar take, domin dabbar da ke cikin ruwa ruwan ne ke ɗauke mata nauyi, jelarta ba zata nutse a yashi ta tsaga shi haka ba, sai in a waje take nauyinta duka ya sauka ƙasa. Takun gajeru ne ƙwarai in ka gwada da girman mai yinsu, wadda aka ƙiyasta ta kai mita 1.6, akwai alamar tana tafiya tana fizga, ta ɗaga ta ja ta tsaya. Wato wata Hibbertopterus ce ta fito daga ruwa wata rana ta ja jiki a kan jiƙaƙƙen yashi da ƙyar, yashin ya bushe wani ya rufe shi kafin ruwa ya share. Ni duk cikin burbushin dangin nan babu wanda yake taɓa ni kamar wannan, ɓawo gawa ce ko saɓa, amma sawu 'yan mintuna ne na rayuwar dabba guda ɗaya, kana iya bin sa da yatsa ka ga inda ta ɗan karkata.

To da me take numfashi a waje? A ƙarƙashin cikinsu suna da wasu shafuka sirara a jere kamar ganyen littafi, da su suke zuƙar iska daga ruwa. Matsalar irin wannan shafukan ita ce da an fito da su waje sai su manne da juna kamar jiƙaƙƙen littafi, numfashi ya tsaya. A 2020 James Lamsdell da abokan aikinsa suka saka wani burbushin Adelophthalmus da aka samo daga kudancin Faransa a na'urar sikan mai leƙa cikin dutse, abin ya daɗe a ajiye a gidan tarihi a Gilasgo, sai suka ga 'yan ƙananan ginshiƙai tsakanin shafi da shafi suna tokare su don kada su manne, irin waɗanda ake gani a huhun gizo-gizo da kunama na yau. Kaga abinda sawu ya nuna daga waje, sikan ya zo ya ƙarfafa shi daga ciki, aƙalla wasunsu suna iya shaƙar iska su ɗan jima a tudu. Shi Adelophthalmus ɗin, wanda zuriyarsa ce ta biyu cikin ukun da suka tsira, ƙarami ne mai ƙafafun baya kamar filafili na iyo, kuma jinsinsa ya fi kowanne daɗewa a dangin, wajen shekara miliyan 120, ana yawan samunsa a duwatsun da ake haƙar kwal domin fadamun da suka zama kwal ɗin nan ne gidansa.

Na ambaci saɓa, bari in ɗan tsaya a kai. Duk mai ɓawo a waje ba ya girma sai ya tuɓe tsohon, kamar yadda maciji ke saɓa, don haka dabba ɗaya tana iya barin ɓawo da yawa a rayuwarta gawa kuma ɗaya tak. Mafi yawan abinda muke tonowa saɓa ce. Wannan ma yana cikin dalilin da yasa girma irin na Jaekelopterus yake da tsada, ka duba dabba mai mita biyu da rabi ta fito daga ɓawonta jiki taushi tiɓis, sai ta jira sabon ya yi tauri, a tudu nauyinta kaɗai zai iya lanƙwasa ta, ruwa ne ke tallafe ta. Kuma ɓawon nasu siriri ne sosai in ka cire awartakin. Mutane suna son su ce yawan iskar oksijin ne ya sa komai ya yi girma a da, wannan bayanin ya fi dacewa da manyan ƙwarin zamanin Kaboniferos, wanda ya biyo bayan Deboniyan, ita kuwa Jaekelopterus ta riga wancan lokacin da shekaru miliyoyi masu yawa, don haka ni na fi ganin tallafin ruwa da rashin nauyin jiki da kuma ƙarancin wanda zai yi gasa da ita a inda take.

Akwai ta ukun cikin zuriyar da suka tsira, labarinta ma abin koyo ne. A 1980 Mario Hünicken ya bayyana wani burbushi daga lardin San Luis na Ajantina ya ce gizo-gizo ne mafi girma da aka taɓa yi, ya sa masa suna Megarachne, aka ce buɗin ƙafafunsa ya kai santimita 50, gidajen tarihi a ƙasashe da dama suka ƙera gunkinsa suka kafa. Ainihin dutsen kuma a lokacin yana kulle a ma'ajiyar banki, yawancin masana kwafi kawai suke gani. Sai da aka samu na biyu, a 2005 Paul Selden ya sake dubawa tare da José Corronca da shi Hünicken ɗin da kansa, suka tabbatar kunamar ruwa ce ta ruwan daɗi mai sharar laka, dangin Hibbertopterus na kusa. Ina girmama Hünicken a kan wannan matuƙa, mutum ya sa hannu a takardar da ta rushe abinda aka san shi da shi shekara 25.

Ƙarshensu ya zo ne tare da na mafi yawan halittun duniya, a ƙarshen zamanin Pamiyan shekara miliyan 252 da suka wuce, lokacin da ƙasa ta yi ta aman wuta a yankin da yau ake kira Saiberiya, zafi ya ƙaru, ruwaye suka rasa iska. Kafin nan ma sun riga sun yi ƙaranci, 'yan masu sharar lakar ne suka kai gargara, akwai ɗaya daga cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka samu a Ostireliya. Dainaso na farko sai bayan wajen shekara miliyan 20 sannan suka bayyana, don haka in ka ga hoton da aka haɗa kunamar ruwa da dainaso suna faɗa a bakin kogi, wannan kam haɗin kwamfuta ne, basu taɓa ganin juna ba.